Kyamara Biyu a Bayan Tirelar Levi

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka bugo wa Insfekta Bobboi waya cewa tirela ta taka wani tsoho a wurin lodin shanu da ke bakin hanyar Mayo Bani. Ya ajiye cokali, ya bar wa ƙudaje sauran shinkafarsa.

Da ya isa, ya tarar jama'a sun riga sun yi bincike, sun yi shari'a, saura zartar da hukunci. Direban, wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Levi, yana zaune a ƙasa, leɓe a fashe, riga a yage. Sajan Habib na tsaye a kansa yana kare shi daga masu sanduna. Gawar na kwance kusa da tayoyin baya, an lulluɓe ta da tabarma. Jauro Yaji ne, makiyayi daga Bahuli, dattijon da ya haura saba'in.

Bobboi ya tsuguna gaban direban.

"Kai ka taka shi?"

"Ni ne, oga. Na dawo daga cin abinci, na ce bari na matsa da mota kusa da tudun lodi. Amma na duba allo kafin na sa ribas. Ba kowa. Fili ne kawai."

"Wane allo?"

"Na kyamaran baya."

Wani mutum mai farar riga da hula zanna ya kutso kai. Abdulmumini ne, dillalin da za a loda wa shanun zuwa kudu.

"Ranka ya daɗe, ƙarya yake yi. Zo ka ga kyamarar tasa da idonka."

Ya ja Insfekta zuwa bayan tirelar, ya nuna wani ɗan baƙin abu a ƙarƙashin lambar mota. Kashin shanu ya toshe shi gaba ɗaya.

"Da wannan zai ga mutum?"

"Kai kana ina lokacin da abin ya faru?" in ji Bobboi.

"Masallaci. Duk masu lodi mun tafi Azahar."

"Ka san marigayin?"

"Ban taɓa ganinsa ba sai yau, a ƙarƙashin tabarma."

Bobboi ya sunkuya ya duba kashin da kyau. A ruga aka haife shi, kuma in akwai abin da ya fi kowa sani a ofishinsu, to kashin shanu ne, abokan aiki ma suna tsokanarsa da hakan. Tirelar wankakkiya ce, ba a sa mata ko ɗan maraƙi ba tukuna. Kashin kuwa ɗanye ne, kuma akwai shatin yatsu uku a jikinsa.

Ya sa aka shigar da Levi bayan motar 'yan sanda da ankwa, rabi don doka, rabi don kada a ƙarasa shi.

"Kyamararka a toshe take. Ta yaya ka ga fili?"

"Wancan ya mutu tun bara, oga. Ka tambayi Dibora Riwaya, mai gyaran wutan mota a Sabon Layi, ita ta sa mini sabo." Ya sunkuyar da kai. "Amma ba amfani. Na ji taya ya hau shi. A cikin ƙashina na ji. Ku rufe ni kawai."

Abin da ya dami Bobboi ke nan. Tuƙin ganganci da ya jawo kisa shekaru ne a gidan yari, ga shi wanda ake tuhuma har ya fara gina wa kansa kurkukun tun kafin alƙali ya gan shi.

Bayan rabin awa Sajan Habib ya dawo da Dibora a bayan babur. Gajeriyar mace ce mai kayan aiki shuɗɗa, da abin gwajin wuta soke a ɗankwali. Ta kalli kyamarar da aka shafe, ta yi tsaki.

"Wannan ai gawa ne. Na bar shi ne kawai don ƙusan ya yi tsatsa, ya ƙi fita."

"To ina mai ran?"

Ta ɗaga yatsa sama. Can a ƙarshen ƙarfen da ya tsallake saman ƙofar baya, kusan tsayin mutum biyu, akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi goro ba. Bobboi ya zagaya motar sau uku bai lura da shi ba.

"Motan shanu ba a sa masa kyamara a ƙasa, oga," in ji Dibora. "Fitsari da kashi duk ƙasa suke gangarawa, kafin ka kai Hong ya makance. Levi ya so ya sayi mara waya don ya fi sauƙin ɗaurawa, na hana shi. Tirela dogo ne, hoto zai riƙa yankewa. Na zaɓa masa mai waya, wanda ruwa ba ya shiga, mai faɗin gani. Kwana guda na yi ina bin cikin shasi da wayan."

"Sai an sa ribas yake aiki?"

"Na mutane haka ne, da wutan ribas ake haɗa shi. Amma Levi yana kwana a hanya da dukiyan mutane, sai na ja masa daga batir, na sa fiyus, na sa katin ajiya. Ko mota a kashe, shi yana kallo."

Bobboi ya matso kusa da ita.

"Kina nufin duk abin da aka yi a nan ɗazu..."

"Yana ciki."

Suka hau gaban motar su biyu. Dibora ta danna ɗan allon da ke manne kusa da sitiyari, ta koma baya zuwa ƙarfe ɗaya da minti hamsin. Babu sauti, hoto ne kawai, daga sama, kamar mutum na leƙe daga kan bishiya.

Ga shanu kusan talatin a tsaye cikin rana. Ga Jauro Yaji ya shigo da ransa, sanda a kafaɗa, yana tafiyar tsofaffi. Bobboi ya yi salati a hankali. Mutumin da ke kwance ƙarƙashin tabarma taku goma daga nan, ga shi yana gyara malafarsa.

Tsohon ya tsaya yana duban garken. Ya ɗaga haɓa, bakinsa ya motsa.

Can tsakiyar shanun wata farar saniya mai dogayen ƙaho ta ɗago kai. Ta ture na gabanta, ta ratso, ta zo har gabansa, ta sa goshinta a ƙirjinsa. Ya rungume wuyanta. Sun daɗe a haka.

Bobboi ya gyara zama. Bai ji kiran ba, amma ya san shi, don da irinsa mahaifinsa yake kiran nasa shanun da suna. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar bayanin shaidu, bai taɓa ganin shaidar da ta kai ta wannan dabba ba. Ya kalli ɗan allon, ya tuna abin da malamai ke faɗa game da ranar da za a buɗe wa kowa littafinsa. In har abin da ɗan Adam ya ƙera, Dibora ta ɗaure da ƙusa biyu, zai iya riƙe wannan, to ina ga wancan? Tsoro ya kama shi, irin wanda bai da alaƙa da aiki.

Sai mai farar riga da hula zanna ya shigo hoton. Tsohon ya kama kunnen saniyar yana nuna masa. Suka yi ta nuna wa juna yatsa. Jauro Yaji ya juya zai tafi, mai farar rigar ya fizge sandarsa, ya sauke masa a ƙeya sau ɗaya.

Tsohon ya faɗi, bai ƙara motsi ba. Mai farar rigar ya duba gabas, ya duba yamma. Sama kaɗai bai duba ba. Ya ja tsohon ta ƙafa har suka ɓace a ƙarƙashin motar, ya fito, ya ɗebo kashin shanu da hannu, ya nufi wajen lambar motar.

"Ƙarƙashin ciki kyamara ba ya gani," in ji Dibora, muryarta ƙasa ƙasa. "Shi ya sa Levi ya ga fili."

Bobboi ya sa aka kira Abdulmumini, ya tsayar da shi a matakalar ƙofa, aka sake kunna masa. Dillalin ya kalla har ƙarshe, zufa na bin wuyansa, amma bai rasa ta cewa ba.

"Hula ta rufe fuskarsa, kuma kowa na da farar riga. Ka duba da kyau, ranka ya daɗe, da hagu ya yi dukan. Ni kuwa ba bahago ba ne, kowa ya sani."

Gaskiya ne, a allon da hagu aka yi dukan. Bobboi ya dubi Dibora.

Ta mayar da allon kan hoton yanzu, ta leƙa ta taga.

"Sajan, don Allah tsaya a baya ka ɗaga hannun dama."

Habib ya je ya ɗaga damansa. A allon, hagu ya ɗaga.

"Kyamaran ribas kamar madubi ne," ta ce. "Haka ake saita shi don kada direba ya rikice."

Bobboi ya kama hannun daman Abdulmumini ya juya shi. An wanke shi, amma ƙarƙashin farce uku akwai sauran kore.

"Ka ce sallah ka je. Wace irin alwala ce wannan?"

Dillalin ya zauna a matakalar.

"Na san saniyar ta sata ce lokacin da na saye ta. Na sa aka sake yanka kunnen don alamar ta ɓace. Wata takwas, ranka ya daɗe, wata takwas, kuma ya kira ta sau ɗaya ta zo. Ya ce zai kawo Arɗo da 'yan sanda. Da na ga ba ya numfashi, sai na tuna da motar."

Masu sandunan ɗazu kuwa, kowa ya shiga neman inda zai ajiye tasa.

Sajan Habib ya buɗe motar 'yan sanda, ya cire ankwar daga hannun Levi, ya maƙala wa Abdulmumini, ya tura shi ciki. Levi ya tsaya a rana yana kallon hannayensa.

"Oga, amma na ji taya ya hau shi."

"Ka ji. Gawa ka taka, Levi. Ya riga ya cika kafin ka taɓa makulli. Ba kai ka kashe shi ba."

Ƙaton mutumin ya dafa jikin tirelarsa ya yi kuka kamar ba kowa a wurin, kuma ba wanda ya yi masa dariya. Da ya samu numfashi, ya goge fuska da yagaggiyar rigarsa.

"Tun ɗazu ina ta tunanin yadda zan kalli 'ya'yansa a kotu," ya ce. "Oga, ina ne gidansa a Bahuli? Ina so na je na yi musu gaisuwa kamar kowa."