Warin Taba a Ganyen Lalo

"Wannan ganyen, namiji ya taɓa shi!"

Hajiya Insaf ce ta faɗi haka a kicin ɗinta da ke hawa na uku a garin Banha na ƙasar Masar, ta kara ganyen lalo a hanci kamar mai sayen turare. Matar ɗanta Rihab tana gefe, ko jakar ofis ba ta ajiye ba. Wa'il kuwa, ɗan Hajiya tilo, angon wata tara, ya maƙale a bakin ƙofa yana nazarin takalminsa.

"Haba Mama, wane namiji kuma?" in ji Rihab.

"Mai shan taba! Kuma ya bar wa ganyen kara. Mace ba ta barin kara, ɗana kuma ba ya shan taba. Da wa kike zama a jirgin nan?"

"Wa'il, ka yi magana mana!"

Wa'il ya buɗe baki, ya dubi uwa, ya dubi mata. "Wato... Mama... Rihab, sori..." Iyakar jarumtarsa ke nan a ranar.

To, bari in shigo da kaina, tunda ni ne mai tabar. Sunana Fikri, shekarata ashirin da biyu ina hawa jirgin ƙasa na ƙarfe shida da rabi na safe daga Banha zuwa Alƙahira, tarago na huɗu. Awa guda tafiya, awa guda dawowa, tagogi sun ƙi buɗuwa tun ina da baƙin gashi. Wanda aka kulle haka dole ya nemi abin yi. Mu huɗu muna buga domino a kan jakar Ustaz Girgis mai kantin magani. Madam Awatif malamar makaranta tana duba jarrabawa, duk inda jirgi ya yi girgiza yaro ya ci maki. Akwai wani soja mai ritaya da ke barci a tsaye, har mafarki yake yi ya farka daidai tasharsa. Mata kuma a kujerun baya suna ɓarar wake da tafarnuwa, su sauka abincin dare ya yi rabi.

Wa'il da Rihab nasu abin yin daban ne: hira. A gida ba hali. Ɗaki biyu ne, bangon kamar takarda, Hajiya kuma kunnenta na jin motsin tururuwa a hawa na ɗaya. In Wa'il ya yi raɗa, sai a ji daga falo, "Me ka ce, ɗana?" Saboda haka aurensu gaba ɗaya a jirgi yake zaune: kujera biyu a jikin taga, abin sauraron waƙa ɗaya, kunne ɗaya nasa, ɗaya nata.

Sai Hajiya ta lura suna dawowa da dariyar da ba a gidanta aka soma ba. Washegari ta miƙa wa Rihab damin lalo naɗe a jiƙaƙƙen tawul. "Hannu ba ya zama banza awa guda. Ki tsinke a hanya, ki sa a firjin ofis." Shi kuma Wa'il, jirgi na tashi wayarsa ke ƙara, Hajiya ce a layi. "Kun wuce gada? Ka sha shayi? Wa ke tari a kusa da kai?" Har Alƙahira. Kullum. Wata biyu ana haka, Rihab kai a sunkuye, Wa'il waya a kunne, kafaɗa na gugar kafaɗa amma kamar kowa a garinsu yake.

Ranar da na ga hawayen Rihab ya ɗiga a kan lalo, na kife domino. "Jama'a, wannan dami in mutum goma suka sa hannu, minti nawa ne?" Minti bakwai ne, mun auna. Girgis ya koya wa Wa'il cewa daga tashar Tukh zuwa ta Ƙalyub babu netwok. Netwok kuwa yana nan lafiya lau, amma daga ranar ya rasu. Amarya da ango suka koma taga, mu muka koma tsinkar ganye, har soja yana tsinka ido a rufe. Ni kuma na manta yatsuna sun sha hayaƙin shekara talatin.

Da safen da ya biyo bayan rigimar kicin, Rihab ta shigo tarago idanu jajur. Ba ta rage murya ba, don a tarago na huɗu ba a san sirri ba.

"An zarge ni da namiji a gabanka, ka yi shiru. Zan iya faɗa mata gaskiya da kaina, amma ba zan faɗa ba. Bakinka nake jira. In Alhamis ta yi ba ka yi magana ba, jirgin Zagazig zan hau, gidan babana."

"Rihab, filis! In na ce ƙarya na yi ta yi mata a kan netwok, hawan jininta..."

"Ni fa? Ba ni da jini?"

Talata ta wuce, Laraba ta bi ta, Wa'il yana ta gwajin jawabi a banɗakin ofis. Ranar Alhamis Rihab ta zo da damin lalo a hannu ɗaya, ƙaramin akwati a ɗayan. A kujerar da ke kallona kuma ga wata baƙuwar dattijuwa cikin baƙar abaya da niƙabi, ta rungume jaka kamar za a ƙwace.

Muka raba dami kamar kullum. Ni da shisshigi, na zuba wa baƙuwa nata kason a cinya. "Taimaka mana, Hajiya, akwai lada. Na wata azzalumar uwar miji ce, wadda ko Fir'auna sai ya ɗauki darasi a wurinta."

"Ustaz Fikri!" Rihab ta juyo da zafi. "Kada ka sake faɗin haka. Mama ba azzaluma ba ce. Tun da mijinta ya rasu, daga mun fita har mu dawo ba mai ce mata uffan sai agogon bango. Kana tsammanin don shayi take bugo waya? Muryar mutum take nema. Ta ɓata mini rai, ƙwarai, amma ba a bakinka za a zage ta ba."

A daidai nan jirgi ya ja birki. Wata ɓauna ce ta kwanta a kan layi kafin Ƙalyub, mai girman wannan taragon, in ba ta fi ba. Aka yi hon, aka yi roƙo, aka kira mai ita, ta ce ba yau ba. Ƙofofi a rufe, tagogi kun san halinsu, gumi har cikin takalmi.

Na ga idanun baƙuwa a kan yatsuna. Na tsinki ganye da kara. Ta yi ajiyar zuciya. Na ƙara wani. Sai ji na yi tas! a bayan hannuna.

"Haka ake tsinkar lalo a gidanku, ƙaton banza? Kawo hannun nan!" Ta kama yatsuna ta shinshina, ta ɗaga niƙabi. "Kai ne!"

"Mama!" Wa'il ya miƙe har kansa ya bugi ma'ajiyar kaya. Ya dubi ƙofa, ƙofa a kulle. Ya dubi taga. Da akwai hanya, na rantse da tuni yana Aswan, can ƙarshen ƙasa. Da ya ga babu, sai ya zama namiji.

"Mama, laifina ne. Netwok bai taɓa ɗaukewa ba, ni nake kashe waya. Rihab ba ta zauna da kowa ba sai ni. Awa ɗayan nan ita kaɗai muke da ita, Mama, shi ya sa muka sace ta. Kuma na bari kin zarge ta don tsoro. Ga akwatinta can. In ta tafi, ni na kore ta da shiruna."

Hajiya ta dubi akwatin, ta daɗe. "Ke 'yar nan, na yi miki wannan ƙazafi, kuma kika tsaya mini a bayan idona?"

"Uwar mijina ce ke, Mama."

"Zo nan." Ta rungume ta, suka yi kuka mai isarsu, Madam Awatif ta taya su har ta jiƙa takardun aji biyu. Sannan Hajiya ta share ido ta dubi tarago. "Ku kuma, kowa ya zazzage abin da ya tsinka. Daga farko za a sake!"

Awa biyu muka yi muna koyon tsinkar lalo kafin ɓauna ta ga dama ta tashi. Ko da muka isa, Hajiya ta san ciwon ƙafar kowa, ta ci Girgis domino sau uku, ta kuma tashi soja ya ba ta labarin mafarkinsa.

Yanzu Hajiya Insaf tana da tikitin wata. Da safe takan bi jirgi zuwa wurin ƙanwarta a unguwar Shubra ta Alƙahira, wadda ta shekara shida ba ta ziyarta ba, ta dawo da mu da yamma. Kujerun baya nata ne. Kujera biyun taga kuwa ta haramta wa kowa, ita ma ba ta waiwaya can. Akwatin Rihab ya koma saman kabad.

'Yan mata, ku dubi Rihab: an ɓata mata, ta faɗi iyakarta a fili, amma ba ta bari a ci mutuncin uwar mijinta ba, kuma wannan ne ya buɗe zuciyar da rigima ba za ta buɗe ba. Samari, kada ku jira ɓauna ta tare muku hanya kafin ku kare matanku. Iyaye kuma, ku bar wa yara ko da awa ɗaya tasu.

Ni dai an raba ni da taba da domino rana ɗaya. Kowace safiya sai an shinshina yatsuna kafin a ba ni kasona, kuma har yau ina barin kara.