Garwashin da Dogo Ya Binne

"Wallahi Baba, ba shi ba ne!"

Auta ce ta faɗa, tana tsaye a tsakar gidan burodin mahaifinta, ƙafafunta cikin ruwan da aka kashe gobara da shi. Rumfar itace ta ƙone ƙurmus da safiyar nan, har yanzu hayaƙi bai daina tashi ba.

"Rufe min baki!" Baba ya daka mata tsawa. "Shekaranjiya na kore shi, yau wuta ta tashi. Aljani ne ya kunna?"

Dogo na tsugune a bakin ƙofa, maƙwabta biyu sun riƙe masa kafaɗa. Shi ne mai hura murhun gidan, har ranar da ya buɗi baki ya ce yana son Auta. Ranar Baba ya nuna masa hanya. Tun lokacin ba a gasa ko burodi ɗaya ba.

"Ni fa na gan shi da idona," in ji Mai Itace, yana gyara hularsa. "Yana zagaye bayan rumfa kamar ɓarawon kaji."

Mai Itace shi ke kawo musu itace, kuma ya daɗe yana kawo wa Auta gaisuwar da ta fi itacen yawa. Namiji in yana son abu, sai ya ga abin da bai faru ba, ya kuma rantse.

Baba ya ciro waya. "Bari in kira 'yan sanda."

Auta ta matso bakin ƙofa. In aka tafi da Dogo yau, shi ke nan... ba aure, ba suna.

"Dogo, ka yi magana mana!"

Ya ɗago ido a hankali. "Me zan ce, hasken idona? Wanda zai ji ni ya riga ya yanke hukunci."

"Ka ji ko? A gabana!" Baba ya fara danna lamba.

Ta juya don kada su ga hawayenta, sai idonta ya sauka a kan murhu. Bakinsa a share tas. Dogo kuwa bai taɓa barin murhu a share ba. Kullum in an tashi aiki yakan tara garwashin kututture a ciki, ya binne shi da toka mai kauri, ya toshe ƙofar iska saura ɗan rami. Don ita yake yi, don kada ta sha hayaƙi da safe wajen kunna wuta.

"Baba, dakata... wa ya kwashe tokar nan?"

Mai Itace ya washe baki. "Ni ne, gimbiya. Jiya da yamma. Na ce bari in rage miki wahala, tunda wancan malalacin ya bar ƙazanta."

"Sannu da ƙoƙari. Ina ka zuba ta?"

"A buhu mana. Na jingine shi jikin itace, kafin masu shara su zo."

Yatsan Baba ya tsaya a kan waya.

Mai Itace ya lura. "A'a, Baba, toka ce mai sanyi! Wutar shekaranjiya? Ai ta mutu tuntuni!"

"A murhun gidanku," in ji Auta.

"Ke yarinya, garwashi bai wuce kwana," Baba ya ce, amma muryarsa ta sauka.

Ba ta tsaya neman ƙarfen tono ba. Ta naɗe hannun riga, ta zura hannu can lungun murhu inda shebur bai kai ba.

"Auta, kar ki...!" Dogo ya fizge daga hannun maƙwabta.

Ta ƙwalla ƙara. Ta watso abin da ta damƙo a ƙasa, gaban takalmin Baba. Baƙi ne, kamar gawayi. Ta durƙusa, ta hura.

Ta sake hurawa.

Ya yi jajir.

Baba ya dubi garwashin, ya dubi rumfarsa, sannan ya juya ga Mai Itace.

"Ka ce da idonka ka gan shi?"

"To... wataƙila... akwai wani mai kama da shi..."

"Dogo irin wannan har biyu a unguwa? Fice min daga gida kafin in kira maka waɗanda na yi niyyar kira masa!"

Dogo ya riga ya tsoma hannunta a bokitin ruwa, yana faɗa kamar shi ya ƙone. "Wa ya aike ki? Da an tafi da ni ai zan dawo. Yatsun nan fa?"

"Kai ka binne shi," ta ce, tana kuka tana dariya. "An kore ka, amma sai da ka binne."

"Ba ke za ki kunna da safe ba?"

Baba ya yi gyaran murya. Ya daɗe yana kallon hannun 'yarsa, kafin ya laluba aljihu ya miƙa wa Dogo ashana.

"Ungo. Mutane sun gaji da tambayar burodi. In ka gama, ka ce wa manyanka ina gida."

Dogo ya durƙusa har ƙasa, amma bai karɓa ba.

"A bar ta, Baba. Akwai wuta."