Layin da Auta Ta Goge

A gidansu, in waya ta ƙi aiki, Auta ake kira. Shekararta goma sha ɗaya, amma ita ke ƙara wa Kaka ƙarar waya, ita ke nemo wa Baba hotunan da suka ɓace. Yayyenta suka sa mata suna Injiniya, sunan kuwa ya hau mata kai.

Da hutu ya zo, Mama ta shirya kai Kaka wata ƙasa ganin likitan ido. Wata huɗu suna jiran wannan rana. Aka ce Auta ta bi su, ta riƙa riƙe wa Kaka hannu.

Kafin tafiya, Baba ya saya wa Mama layin da zai yi aiki a can. Ba irin ɗan katin da ake zurawa a waya ba ne. Wani hoto mai ɗigo-ɗigo aka turo masa, ya haska shi da kyamarar wayar Mama, sai ga layi ya shiga har da data.

"Sau ɗaya hoton nan yake aiki," in ji Baba. "Kada kowa ya taɓa layin."

Auta ta ce to, amma hankalinta yana kan sabuwar jakarta.

Ranar ganin likita, da safe, Auta ta tsaya a tagar masaukinsu za ta ɗauki bidiyon dogayen gine-gine da wayar Mama. Waya ta ce wuri ya cika. Injiniya ta fara share-share. Tana cikin lalube ta ga layi biyu, ɗaya nasu na gida, ɗaya mai baƙon suna.

"Wannan kuma wa ya gayyace shi?" ta ce a ranta. Waya ta tambaye ta ko ta tabbata. Ko karantawa ba ta yi ba, ta danna.

Suka shiga bas, suka sauka a wata babbar mararraba. Mama ta buɗe taswira don ta ga hanyar asibiti. Taswira ta ƙi buɗewa. Ta kashe waya, ta kunna. Shiru.

Ƙarfe tara da minti ashirin. Likita ya ce goma daidai, wanda ya makara sai ya sake bin layi na wasu watanni. Su kuwa kwana uku ya rage musu su koma gida.

"Wane irin layi Babanku ya saya mana?" Mama ta ce cikin fushi. "Jiya lafiya ƙalau yake!"

Yanzu Auta ta tuna maganar Baba. Ta so ta yi shiru, tunda ba wanda ya gan ta. Sai ta dubi Kaka tana jingine da bango, tana lalubar sandarta. Tausayi ya kama ta.

"Mama, ni ce," ta ce. "Na ga layi biyu, na goge ɗaya."

Mama ta dube ta, ta ja numfashi. "Faɗa sai mun koma. Amma gara da kika faɗa, da nan za mu wuni ina kashe waya ina kunnawa."

Akwai shagon magani kusa da su. Mama ta yi wa mai shagon bayani, rabi da baki, rabi da hannu. Matar ta ba Kaka kujera, ta haɗa wayar Mama da intanet ɗin shagon. Mama ta kira Baba. Baba ya nemi kamfanin, bayan minti goma ya turo sabon hoto.

Sai wata matsala ta ɓullo. Hoton yana cikin wayar Mama, kyamara kuwa ba ta iya haska abin da ke cikin wayarta.

Auta ta miƙa hannu, sai ta janye. "Mama, in faɗi wata dabara?"

"Faɗi mu ji."

"Ki tura hoton zuwa wayar Anti mai shago, sai mu haska shi daga can."

Haka aka yi. Layi ya dawo, taswira ta buɗe. Ashe asibitin yana bayan titi na biyu. Suka yi wa matar godiya, Auta ta kama hannun Kaka, suka sa kai. Saura minti huɗu goma ta cika suka isa.

Likita ya duba idon, ya yi aiki washegari. Da aka cire bandeji, Kaka ta ƙura wa Auta ido.

"Au, ƙawata, ashe haka kika yi tsawo? Ke ce kika so ki bar ni a titi?"

Kowa ya yi dariya, Auta kuwa ta rufe fuska don kunya da murna.

"Me kika koya?" Mama ta tambaye ta.

"Abin da ban sani ba, in tambaya kafin in taɓa. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri."

Kaka ta jawo ta jikinta. "To zo ki nuna mini dogayen gine-ginen nan, yau da idona zan gan su."