Tsumma, Kwikwiyo Mai Ciwon Zuciya

A garin Matameye akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Kai, wannan yaro akwai tambaya! Ko tururuwa ya gani, sai ya tsuguna ya ga inda za ta.

Wata rana yana dawowa daga lakwal, wato makaranta, ya haɗu da maƙwabcinsu Ɗan'azumi riƙe da kwali. Wani abu na motsi a ciki.

"Baba Ɗan'azumi, mene ne a ciki?"

"Kwikwiyo ne. Bola zan kai shi. An saye 'yan'uwansa duka, shi ba mai so. Rago ne."

Ɗan'azumi ya taɓa zuwa cirani Kano, ya dawo da karya mai gashi buzu-buzu. Ya haɗa ta da karen gida. Tun daga nan yake sayar da 'yan kwikwiyo.

Yaron ya leƙa. Kunnuwa na karen gida, gashi kuwa har ya rufe ido. Tausayi ya kama shi.

"Don Allah ka ba ni shi."

Da ya kai shi gida, Inna ta riƙe haɓa. "Wannan tsumman fa, daga ina?" Shi ke nan, suna ya bi shi: Tsumma.

"A garkar rake zai zauna, ba a ɗaki ba," in ji Inna. "Kuma in ka taɓa shi, ka wanke hannu."

Kwana ya yi ta tafiya. Yaron ya lura da wani abu. Tsumma na yin 'yar tafiya kaɗan sai ya kwanta yana haki.

"Inna, me ya sa yake haki haka? Ko gashin ne ya yi masa nauyi?"

"Ban sani ba, ɗana. Ranar Asabar ka kai shi wurin likitar dabbobi. Kafin nan kada ka wahalar da shi."

To, ranar Asabar ɗin ce yaran unguwa suka shirya farautar kurege. Abdulrazak, abokinsa, ya zo da karensa mai dogayen ƙafafu.

"Wai karen Turawa gare ka?" ya ce yana dariya. "Wannan ko kaza ba zai kora ba!"

Ran yaron ya ɓaci. Maganar Inna ta bi iska. Ya ɗaura wa Tsumma igiya, suka nufi bayan gari.

Can sai ga kurege ya fito a guje. Karnuka suka rufa masa baya. Yaron ya ja igiya yana ihu, "Tsumma, gudu! Gudu mana!"

Tsumma ya yi iya ƙoƙarinsa. Sai kawai ya faɗi yaraf, harshe a waje.

Wayyo! Tsoro ya kama yaron. Ya rungume shi, ya ruga yana kuka har wurin Madam Zuhra, likitar dabbobi.

Madam Zuhra ta kwantar da Tsumma a inuwa, ta yi masa allura. Da ya farfaɗo, ta sa abin sauraren ƙirji a kunnenta, ta ɗora shi a ƙirjin Tsumma.

Hawaye bai hana yaron tambaya ba. "Madam, me kike ji?"

Ta sa masa a kunne. "Fara da ƙirjinka."

"Dum-dum, dum-dum."

"Yanzu na Tsumma."

"Dum-shuu, dum-shuu." Ya zaro ido. "Kamar iska na fita!"

"Zuciyarsa ce ba ta da lafiya. Haka aka haife shi. Ba rago ba ne. Da ka ƙara jan sa, da ya mutu."

Kunya ta rufe yaron. "To me ya kawo masa ciwon?"

"Zo mu tambayi mai iyayensa."

Suka sami Ɗan'azumi a ƙofar gida. Madam Zuhra ta gaishe shi, ta tambaya.

"Cikin 'ya'yan karyata, wa da ƙanwa na haɗa," in ji shi. "Kada gashin ya ɓace. Gashin ake saye."

"Ai nan matsalar take, Malam. In ana haɗa karnuka 'yan ciki ɗaya, ciwon da ke ɓoye a jininsu yakan fito a jikin 'ya'yan."

Ɗan'azumi ya taɓe baki. Sai yaron ya miƙa masa abin sauraro. "Baba, don Allah ka ji da kunnenka."

Ya saurara. Sai ya cire abin daga kunnensa.

"Subhanallahi! Ni na jawo masa wannan? Kuma na ce masa rago?" Ya sunkuyar da kai. "Yau zan raba su. Na daina."

A gida, yaron ya durƙusa ya ba Inna haƙuri. Ta yafe masa.

Tsumma bai zama karen farauta ba. Yana shan maganinsa, yana kwance a inuwar rake. Amma akuya ta kuskura ta leƙo garka, haushinsa har bakin hanya ake ji!

Yara, dabba ba ta iya cewa "ba ni da lafiya". Mu ne za mu lura, mu tambayi masani, mu ji tausayinta. Amana ce Allah ya ba mu.