Zariyar Jalo

"Ku sauke kaya!" Maiturare, shugaban 'yan fashin, ya daka tsawa.

La'asar ce sakaliya, a kwazazzabon da ke tsakanin Getso da Gwarzo. Fatake suka watse. Tsoho ɗaya, Hammadu, ya ƙi sakin akalar jakinsa. Takobi ya sauka a hannunsa — caɓ! Jini ya yi tsartuwa.

Jalo, ɗaya daga cikin 'yan fashin, ya tsaya cak. A yaƙin duniya, can a Bama, aikinsa ɗaukar waɗanda aka harba, abu guda kuwa ya koyo: a ɗaure sama da rauni, a murɗa da itace. Tun da ya shiga fashi yake damun abokan sana'a da wa'azin kowa ya riƙa yawo da ƙyallen ɗauri. Ya laluba aljihu. Wayam! Nasa yana gida, an ɗaure bakin buhun gero da shi.

"Likitan ɓarayi, mu fece!" in ji Maiturare.

Jalo ya durƙusa, ya zare zariyar wandonsa, saƙi ce mai faɗi. Ya ɗaure damtsen tsohon, ya cusa guntun icce, ya murɗa har jinin ya tsaya.

"Wayyo! Ɗan nan, sassauta!"

"In na sassauta, Baba, sai dai a yi maka salla."

"Kai ba cikinsu kake ba?"

"Cikinsu nake. Ni ne dolon."

A bakin rafi fataken suka yi kiciɓis da 'yan doka. "Suna kwazazzabo!" in ji fataken. Kofur Zailani, babban 'yan dokan, ya zaburi doki.

Maiturare ya ji sukuwa. Ya kora jakunan, ya haɗa da dokin Jalo. "A gai da alƙali!" ya ce, ya yi daji.

Jalo ya dubi daji, ya dubi wandonsa. Buje ne, ƙaton wando mai faɗi, ba zariya ba gudu. In ya karɓi abarsa zai tsira, tsohon kuwa ba zai ga magariba ba. Ya kai hannu kan ƙullin. Ya ji jikin tsohon ya fara sanyi. Wane irin ɗan fashi ne wannan, da bai iya ko cire igiyarsa ba? Ya janye hannun.

"Tashi! Miƙo hannu!" in ji Kofur Zailani, yana kaɗa ankwa.

Jalo ya miƙe a sunkuye, hannu ɗaya a kan iccen, ɗaya a kan wando. "Ranka ya daɗe, wannan yana riƙe da ran mutum, wannan yana riƙe da mutuncina."

"Zaɓi ɗaya."

Fatake sun taru, har da mata masu dawowa daga kasuwa. Jalo ya ƙara damƙe iccen. Ya saki wandon, ya miƙa hannu.