Kalmar da Ta Kankare

Kwanan mahaifiyarsa uku da rasuwa Gbenro ya shiga shagon takardun Baba Oladosu a unguwar Mokola. Hotonta yake so ya buga na addu'ar kwana takwas. Ya zaɓi takarda mai sheƙi ya ajiye gaban Morenike, 'yar mai shagon.

"Broda, wane irin injin buga takarda gare ka?"

"Leza."

"To mayar da ita. Wannan ta injin ruwan tawada ce. Naka da zafi yake manna rubutu, narkewa za ta yi ta liƙe masa a ciki."

"Ni dai so nake Mama ta fito da kyau."

Ta dubi jajayen idanunsa, tausayi ya kama ta. Ta zaro masa wata mai jure zafi. Da yamma saƙo ya shigo lambar shagon: "Mama ta fito tana murmushi. Na gode, Mai Takarda."

Shi ke nan Gbenro ya zama mai sayen takarda falle biyar-biyar kullum, kamar sayen ƙunshin rim guda haramun ne. Ita kuma ta raɗa masa suna Mai Narka Inji.

Baba Oladosu dai ciwon suga ya cinye masa idanu, da yatsa yake gane takarda. Da ya ji labarin soyayyarsu ya ce atafau.

"Wanda ke zaɓen takarda da ido, mace ma da ido zai zaɓa. Sheƙi ya gani, Renike. Ga Fijabi mai babbar maɗaba'a yana jira."

"Baba mi..."

"Kada ki ƙara ɗaga wayar Gbenro."

Ba ta iya saɓa wa makahon uba ba. Ta tura saƙo ɗaya, "Ka yafe mini, Mai Narka Inji," ta rufe lambarsa. Wata biyu tana yanka takarda tana ramewa, ko amala ba ta iya haɗiya.

Gbenro ya rasa hanya sai wasiƙa. Kuma don neman burgewa, bawan Allah ya je wani shago ya sayo takarda mai kauri, mai gurza-gurza kamar bayan tabarma. Ya buga, ya ninke, ya aika.

Morenike ta buɗe a shago. Layi ɗaya idonta ya tsaya a kai: zai bar ta. Ba ta ƙarasa ba, ta kifa kai a kan teburi tana kuka.

"Baba mi, ka yi gaskiya. Ka ce wa Fijabi ya turo."

"Miƙo takardar."

Tsohon ya shafa ta, ya bi ninkin da babban yatsa. Ya zazzage ambulan a tafinsa, ya ji gari.

"Sakarai! Wa ya ce masa leza na kama irin wannan? Rubutun a saman ƙurajen ya zauna. Duba kan ninkin, akwai gurbi?"

Ta goge hawaye ta duba. Akwai. Ɗan fili ne fari, da burbushin baƙi. Ba zai bar ta ba ya rubuta da Turanci, kalma ɗayar da ke kore barin ce ta faɗa kan ninki ta kankare.

Baba ya ajiye takardar. Da ya rufe bakinsa, da Fijabi ya samu mata, ya kuma sani sarai. Amma wata biyu ke nan kunnensa bai ji dariyar 'yarsa ba, shi kuwa kunnen kaɗai ya rage masa.

"Kira mini Gbenro. Kwanakina ba yawa, ba zan tafi in bar ki da wannan kukan ba."

Ranar ɗaurin aure a kujera aka ɗauko shi, jiki ya ƙi. Dangin ango suka gabatar da wasiƙar neman aure bisa al'ada. Kafin a karanta Baba ya karɓa. Takarda ce sumul, marar sheƙi, Gbenro ya zaɓe ta da kansa. Tsohon ya ninke ta, ya murza da ƙarfi, ya ɗaga yatsansa.

"Renike, akwai baƙi?"

"Babu, Baba mi," ta ce.

Ya lalubo hannunta ya ɗora a kan na Gbenro.

"To ya kama. Allah ya sa naku ya kama haka, ko bayan ba ni."