Takobin Hajiya Tabawa

Da hantsi Hajiya Tabawa ta buɗe akwatinta za ta ɗauki turare, sai ta tarar babu takobin mahaifinta. Salatin da ta saka sai da ya fito da maƙwabtanta na unguwar Manfuha waje. Matar da ta tako daga garin Mirya har Makka tana yarinya ba ta zubar da hawaye ba, ranar nan ta yi kuka.

Kowa ya san zancen takobin. Da iyayenta suka guje wa mulkin Faransa, an riga an kama wanta soja, ita kuwa ta rantse ɗansa kaɗai za ta miƙa wa. Shekara da shekaru tana cigiya wurin alhazai. Kwatsam watan jiya wani saurayi ya ɓullo, ya ce shi ne. Ta rungume shi, ta ba shi ɗaki a gidanta, amma ta ce a bari lokacin Hajji mutanen Mirya su zo su shaida.

Aka kira Abdulwahid, Bakatsine mai karatun shari'a, mutum mai shegen tambaya. Ya duba kwaɗon akwatin, lafiya lau. Ashe wanda ya buɗe ya san mabuɗin na ƙarƙashin buzun salla, wato na gida ne.

Ya fara da Ɗan'azumi direba, mai haya a ɗakin zaure.

"Wallahi tun Laraba ina Dammam da siminti. Tambayi kafilina, ubangidan da nake wa aiki."

Ya tambaya, haka ne. Sai Hajjo maƙwabciya, mai tuwon sayarwa.

"Ni? In yanka kuɓewa da shi? Jiya ma tare muka yini gidan suna da Hajiya."

Saura baƙon saurayin. Ya zauna yana gyara zani mai ɗige-ɗigen ja da ya yafa a ka.

"Sunanka?"

"Idrisu Kuku. Sunan kakana aka sa mini."

"A gida wa ake ce maka?"

"Idrisu mana."

"Har babanka?"

"Shi ma. Safe da yamma haka yake ƙwala mini kira."

Abdulwahid ya waiwaya. "Hajiya, ke kin taɓa kiransa haka?"

"Tir! Sunan ubana a bakina? Abba nake ce masa."

"To kin ji." Ya dubi saurayin ido cikin ido. "A ƙasarmu wane ɗa ne zai kama sunan ubansa tsirara, ko da jaririnsa aka sa wa? Sai a sakaya, a ce Abba ko Maigida. Larabawa ne ba ruwansu da wannan kunya. Nan aka haife ka, ko ruwan Mirya ba ka taɓa sha ba. Kuku kuma a hirar tsofaffin alhazai ka tsinta. Ka ga Hajji ya matso, asiri zai tonu, ga dillalan kasuwa suna neman tsofaffin takubba ruwa a jallo, masu kuɗin fetur su rataya a falo. Sai ka yi gaggawa."

"Gwaggo, kina ji yana—"

"Wace ce gwaggonka?"

Ya so ya yi taurin kai, amma da aka ambaci 'yan sanda sai ya amsa laifinsa. Sunansa Lado, haifaffen unguwar Ulaisha. Takobin na ɗakinsa cikin naɗin darduma, ko ciniki ba a gama ba.

Da aka kawo, Hajiya ta zare shi daga kube, ta goge da gefen mayafinta. Takaici ya cika ta, don ta so yaron nan da gaske. Ta miƙe tsaye ba tare da sanda ba.

"Kai, buɗe kunnenka. Nasara ne ya kama ubana ya sa shi girki, ya rubuta shi Kuku, shi ya sa ya bar masa ƙasar. A gidanmu ba mai amsa wannan suna. Ubana maƙeri ne, ɗan maƙeri, wannan kuma da hannunsa ya ƙera. Fice mini. Ɗan wana zan jira shi."